Fararen Fitilun Nata'ala

Yammacin wata Laraba ce ta ƙarshen damina, yammaci irin na kullum. Rana ta sauka bayan katangun unguwar Soron Ɗinki a birnin Kano, hayaƙin murhu ya kwanta a lunguna, awaki suna komawa gidajensu da kansu. A gidan Nata'ala direba, matarsa 'Yardada tana durƙushe tana kwashe tuwo. 'Yarsu Luba, ita kaɗai Allah Ya ba su, tana zaune a bakin ɗaki da hula da allura, ta kai zanen kusa da hanci tana son ta ƙarasa kafin haske ya ƙare. Ɗinkin hula ne sana'arta, kuma unguwar kaf an san hannunta.

"Ke Luba, ajiye allurar nan, almuru ta yi. Tashi ki kunna fitila."

Luba ta ɗauko fitilar ƙwai ta ƙyasta ashana. Lagwani ya kama sosai, amma tana mayar da ƙwan wutar ta mutu. Ba iska a tsakar gidan, ko ganyen darbejiya ba ya motsi. Ta sake kunnawa, ta sake mutuwa. Ana cikin haka sai dutse ya sauka a kan kwanon rufi, ƙwam, ya gangaro a hankali ya faɗo gaban murhu. Wani ya biyo shi, wani kuma ya biyo wannan.

'Yardada ta miƙe da muciya a hannu tana zagin yaran maƙwabta. Ta leƙa lungu, ba kowa, duk an tafi masallaci. Da Nata'ala ya dawo daga salla ta nuna masa duwatsun. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya. Dutsen sumul yake, jiƙe da ruwa, da yashi a jikinsa, irin wanda sai a cikin rafi ake samu, kuma kowa ya san babu rafi a Soron Ɗinki. Ya daɗe yana juya shi. Sannan ya jefa shi a aljihu, ya ce yara ne, ya shige ɗaki. Tuwon ranar ko loma ɗaya bai kai bakinsa ba.

To, bari in koma baya kaɗan, don a san abin da ya hana shi cin tuwo.

Nata'ala ya yi shekaru yana tuƙa wani babban soja. Shi bai taɓa sa kaki ba, amma ya saba da abin da kaki yake yi wa titi: a kunna jiniya, a watsa fitilu, mai keke ya faɗa kwata, mai talla ta zubar da farantinta, su kuwa su wuce fuu. A shekarar da soja suka koma bariki aka rantsar da farar hula, maigidan nasa ya yi ritaya, aka yi gwanjon tsofaffin motoci, Nata'ala ya samu wata Landiroba mai buɗaɗɗen baya. Aiki kuwa ya samu, don sababbin 'yan siyasa suna ta aika taki da buhunan hatsi zuwa ƙauyukan da suka zaɓe su, inda babu kwalta sai burji da yashi da rafuka. Matsalar ɗaya ce, fitilun motar sun tsufa, haskensu ja-ja kamar idon mai jin barci.

Ya je Ƙofar Ruwa wurin Salihu mai gyaran wayar mota. Salihu ya shimfiɗa masa fitilu a kan benci.

"Maigida, iri biyu ne. Waɗannan rawayen a ƙasa ake ɗaura su, kan bamba. Ƙasa suke kallo, su nuna maka rami da kututture da dabba. Waɗannan fararen kuma a saman mota ake jera su. Suna cin nisa, amma duk wanda ya yi ido biyu da su sai ya daɗe bai ga gabansa ba."

"Jona min fararen mu gani."

Salihu ya jona su a batir. Da rana tsaka ne fa, amma wani mai shayi a tsallaken titi sai da ya kare fuska da hannu, ya aiko musu da ashar. Nata'ala ya tuntsire da dariya har da buga cinya.

"Su nake so. Mayar da rawayenka."

"Hanyar ƙauye fa akwai masu tafiya a ƙasa, maigida."

"Ai don su nake so. Su ga haske su ba ni hanya."

Ka ji fa! Mutum ya sauka daga motar gwamnati amma motar ba ta sauka daga kansa ba. Salihu ya ɗaga kafaɗa ya jera masa su a kan ƙarfe saman gilashi, ya sa musu makunni na daban kusa da sitiyari.

Ba a yi mako da ɗaura su ba ya kai taki wani ƙauye da ake kira Kwarin Maje. Sauke kaya ya ja lokaci, magariba ta riske shi a hanyar dawowa. Akwai wani mashigin rafi da tsohuwar tsamiya take tsaye a bakinsa, hanya ta matse, gefe ɗaya kwari ne mai zurfi da ruwa ya zaizaye. A nan ya hango mace a gabansa, da farin mayafi da ƙwarya a ka, tana dogara sanda. Ya danna hon. Ba ta ƙara sauri ba. Ransa ya ɓaci, ya kai yatsa ya danna makunnin nan.

Daji ya yi fari fat. Matar ta waiwayo, ta kai hannu fuska, ƙwarya ta suɓuce, ta yi taga-taga zuwa gefen kwarin. Sai ya daina ganinta.

Ya ɗaga ƙafa daga totur, wannan kam a shaide shi. Har ya kai ƙafar kan birki. Sai ya tuna abin da direbobi suke faɗa wa juna a tasha tun yana yaron mota: mace ita kaɗai, da farin mayafi, a gindin tsamiya, da almuru, ba a tsaya mata, ba a ko waiwaye. Ya damƙi wannan magana da hannu biyu. Ya ce a ransa aljana ce, ya kama karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, ya taka mota. Amma fitilun nan da ya zaɓa ba sa ɓoye komai. Sun nuna masa takalmin roba ƙwaya ɗaya a tsakiyar hanya, tsohon takalmi da aka ɗaure maɗaurinsa da waya, kuma ta kansa ya bi da taya.

Wannan shi ne abin da yake cikin ransa lokacin da ya jefa dutsen a aljihu.

Tun daga Larabar nan gidan bai ƙara ganin almuru mai daɗi ba. Da rana lafiya lau, ana ta harkoki. Da zarar ladan ya gyara murya sai jifa ya fara, kuma duk abin da yake ba da haske a gidan sai ya mutu. Fitilar ƙwai ta ƙi kamawa. Tocila mai sabon batir ta ƙi. Ranar da aka kawo wuta, ƙwan lantarkin tsakar gida ya fashe a kansu. Daga bayan madafa kuma, inda babu komai sai tulin itace, ana jin nishi ƙasa-ƙasa, nishin tsohuwa mai jin ciwo da ba ta son a ji ta.

Motar ba ta shiga lungunsu, a bakin titi take kwana. Wata magariba maƙwabta suka zo suna faɗa, wai ya bar fitilu a kunne sun hana mutane shiga masallaci. Ya fita da gudu. Fararen fitilun suna ci, sun miƙe lungun sambal har ƙofar gidansa. Ya danna makunni, a banza. Ya cire kan batir, ya sauke batir ɗin gaba ɗaya ya ajiye a ƙasa, suna nan suna ci. Sai da aka idar da salla suka mutu da kansu. Washegari ya lulluɓe su da buhu ya ɗaure da igiya, bai gaya wa kowa komai ba.

Sannan abin ya taɓa Luba.

Suna zaune a duhu a tsakar gida, kowa ya yi tsit yana jiran jifa ya wuce, sai yarinyar ta ƙwalla ƙara ta toshe idanunta.

"Baba, kashe! Don Allah kashe fitilar nan!"

"Wace fitila, Luba? Ai duhu ne."

"Tana cikin idona, Baba. Fara ce. Ka kashe ta!"

Gari ya waye Luba ba ta ganin komai sai fari. Idanunta a buɗe, garau, ba ja ba kumburi, amma ko hannu aka gifta mata ba ta ƙiftawa. In ta rufe su ma hasken yana nan, ba ya barinta barci. Aka kai ta asibitin ido, likita ya duba ya sake dubawa, ya ce shi bai ga ciwo ba. Aka dawo da ita gida. Hular da take ɗinkawa tana nan a kan taga da allura soke a jiki, wani lokaci ta lalubo ta ta riƙe a cinya, ta bi zanen da yatsa.

Nata'ala ya rame. Shi yake ba ta koko da ludayi, in ta lalubo fuskarsa ta ce, "Baba, kai ma kuka kake?" sai ya ce hayaƙi ne. Wallahi abin tausayi ne, amma ni tausayina bai kai gare shi duka ba, don baki ɗaya zai buɗe ya ƙi.

"Malam," in ji 'Yardada wata safiya, muryarta a dashe, "tun ranar da ka sa dutsen nan a aljihu ba ka ƙara haɗa ido da ni ba. Me ka sani?"

"Ban san komai ba."

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Ta ɗauki mayafinta ta tafi unguwar Madabo da ƙafarta, ta durƙusa a zauren Malam Bukar, wani dattijo Babarbare da kakanninsa suka zo Kano da allo tun zamanin da, wanda aka sani da karatu a kan masu iska.

Malam Bukar ya zo ranar Alhamis bayan la'asar, da carbi da ɗan ƙullin ganyen magarya. Ya sa aka jiƙa ganyen, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da Luba uwarta tana riƙe da kafaɗunta. Ya ce kada a wahalar da ashana. Ya zauna yana jan carbi har inuwar katanga ta cinye gidan, ya yi magariba a nan inda yake. Dutse na farko yana sauka a kan kwano ya fara karatu.

Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ta rawa. Yana karantawa yana yayyafa ruwan magarya. Jifa ya tsananta, sannan ya tsaya cak. Nishin bayan madafa ma ya ɗauke. Luba ta sandare a hannun uwarta, kanta ya sunkuya, ya ɗago a hankali. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, mai kauri, da harshen mutanen ƙauye.

"Ya isa, Malam. Abin da kake karantawa mu ma muna karantawa. Ni ma mai salla ne."

'Yardada ta saki salati. Malam Bukar ya ɗaga mata hannu.

"To in mai salla ne kai, me ya kai ka jikin 'yar mutane?"

"Tambayi ubanta. Ga shi can ya maƙale a jikin bango."

Nata'ala bai motsa ba.

"Kai nake tambaya," in ji Malam. "Daga ina?"

"Daga tsamiyar mashigin Kwarin Maje. Muna nan tun ba a kafa ƙauyen ba. Akwai wata tsohuwa, Dije, maƙwabciyarmu ce. Tun tana amarya take bi ta ƙarƙashinmu, ba ta taɓa wucewa ba ta yi mana sallama ba. Yanzu ido ya yi rauni, da almuru dundumi take yi, shi ya sa take tafiya a hankali. Wannan bawan Allah ya zuba mata wuta a fuska. Ta faɗa kwari, ƙugunta ya karye."

"Na ɗauka..." Nata'ala ya fara.

Idanun Luba da ba sa gani suka juyo suka tsaya a kansa daidai.

"Ka ɗauka me? Ka ga takalminta. Ka ce aljana ce don kada ka tsaya. To mu aljanun mu muka tsaya. Mu muka zauna da ita a ramin nan muna kore mata macizai, har gari ya waye masu zuwa gona suka tsince ta."

'Yardada ba ta dubi mijinta ba, ta ƙara ƙanƙame 'yarta kawai.

"Wannan haƙƙi ne tsakaninsa da ita da Ubangijinsu," in ji Malam Bukar. "Kai me ya taso ka har birni?"

"Tsohuwa ta ce ta ga haske ba irin na duniya ba. Ƙauye suka ce mu ne. Gobe Juma'a, in an sauko daga masallaci, za su sare tsamiyar su ƙone kututturen. Da tsofaffinmu da jariranmu a ciki. Shi ya yi laifi, mu za a rushe wa gida. In tsamiya ta faɗi, idon yarinyar nan ya tafi ke nan."

"Yarinya ba ta tuƙa mota ba. Kai da ka ce kana karatu, a ina ka karanta a kama ɗiya da laifin uba?"

Nata'ala ya rarrafo ya zube a gaban tabarmar.

"Ku ɗauki nawa! Don Allah ku ɗauki nawa duka biyun, ku sakar mata nata."

"Mu yi me da idon da ya gani ya ce bai gani ba? Riƙe abinka. Bakinka muke so."

Aka yi ta ja, Malam yana matsawa, muryar tana turjewa, har suka tsaya a kan magana. Nata'ala zai kwance fararen fitilun da hannunsa. Zai je Kwarin Maje da rana, ya tsaya gaban mutane ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Zai ɗauko tsohuwar a cikin motar nan ya kai ta asibiti. Shi kuma aljanin zai fita daga jikin Luba yanzu, ba zai sake dawowa ba, jifa ya ƙare.

"Idon fa?" in ji Malam.

"Hasken da yake idonta ba ni na kunna ba, ba ni zan kashe ba. Yana hannun Dije. In ta yafe, shi ke nan."

Malam ya sa aljanin ya rantse da Wanda Ya halicci mutum da aljan. Ya rantse, ya yi musu sallama kamar baƙon kirki. Luba ta yi wata atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin uwarta. Malam Bukar ya ce a kunna fitila. 'Yardada ta ƙyasta ashana, lagwani ya kama, ya zauna.

Da sassafe Nata'ala ya hau saman mota da sifana ya kwance fitilun ɗaya bayan ɗaya. 'Yardada ba ta yi masa magana ba tun jiya. Ta fito riƙe da hannun Luba ta zaunar da ita a gaba, ta shimfiɗa katifa a baya, ta ajiye wata leda a kan kujerarsa. Ya buɗe. Sabon takalmin roba ne na mata.

Sun isa mashigin da hantsi. Maza suna zaune a inuwar tsamiyar da za su sare, suna wasa gatura a kan dutse. Nata'ala ya tsayar da mota ya sauko. Shi da ya saba shiga ƙauyen nan da hon, yara suna binsa suna ihu, yau da ƙafa ya taka, kansa a sunkuye, har gaban mai unguwa. Ya cire hula. Ya faɗi komai, har takalmin da ya taka bai ɓoye ba. Wani jikan tsohuwar ya zaburo da ƙotar gatari, dattawa suka riƙe shi. Mai unguwa ya tofar da yawu gefe, ya ce a mayar da gatura gida.

Suka sami Dije kwance a kan tabarma a wani ɗan ɗaki, an yi mata ɗori da kara da tsumma, ta ƙanƙance ta zama kamar yarinya. Nata'ala ya durƙusa daga bakin ƙofa, goshinsa ya kusa taɓa ƙasa.

"Iya, ni ne mai hasken. Mota ce. Ni na haska ki, na gan ki, na wuce."

Tsohuwar ta kasa kunne. Sannan ta ce, "Wa nake jin numfashinsa a bayanka?"

'Yardada ta matso da Luba, ta faɗa mata abin da ya sami yarinyar. Dije ta miƙo hannu ta lalubi fuskar Luba, ta shafa girarta da babban yatsa.

"Wayyo, 'yar nan. Ke ma kin gan shi? Ai ba daɗi." Ta juya kai wajen ƙofa. "Na yafe, ɗan nan. Duniya da lahira na yafe. Tashi, kada ka ɓata wandonka."

Luba ta ƙifta ido. Ta sake ƙiftawa, hawaye suka zubo. Ta dubi rufin ɗakin, ta dubi hannunta, ta dubi uwarta.

"Umma, an kashe."

'Yardada ta fashe da kuka, matan gidan suka ɗauki salati da guɗa a haɗe. Nata'ala ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa, har ya fara tunanin abin ya wuce. Aka ɗauko tsohuwar a hankali a cikin bargo, shi yana riƙe da wajen kanta, aka kwantar da ita a kan katifa a bayan motar. Mai ɗori ya riga ya gaya musu a gefe cewa da wuya ta sake takawa. Duk da haka 'Yardada ta sa mata sabon takalmin a kusa da hannu, ta shafa shi tana murmushi.

Yana gyara mata matashi ta kamo hannun rigarsa.

"Ashe dai mutum ne," ta ce, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin abin dariya. "Ka san ina cikin ramin nan ina jin ƙarar tana yin nisa, na cusa mayafi a bakina don kada abin ya ji ni ya dawo? Kai, tsufa! Da na san ɗan'adam ne ai da na yi kira. Mutum ai ba zai ji tsohuwa a rami ya wuce ba."

Nata'ala ya zagaya ya shiga mota. Ya sa mukulli, ya ɗora hannu a kan sitiyari. Luba tana gefensa tana kallonsa da idanunta biyu, garau, kuma ta ji abin da tsohuwar ta ce. Mutanen ƙauye suka ja baya suka ba shi hanya. Suka yi ta jira, motar ba ta tashi ba.